Gashin Awaza da Zuma

Garin Jos yana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, don haka sanyinsa na Disamba da Janairu yakan kai ga ƙashi. A irin wannan lokaci ne kasuwar masu tsire da balangu take ci, jama'a suna kewaye da tukuba, ana jin ɗumi ana jiran nama. Mahauta Hausawa sun daɗe a garin, tun zamanin da haƙar kuza ta jawo mutane daga Kano da Bauci da Zariya a farkon ƙarni na 20.

Cikin sassan dabba, awaza ta fi wuyar gashi. Tsokarta kaɗan ce, tana manne da ƙashi, ga kitse da jijiyoyi sun ratsa ta. A Amurka da ƙasar Sin haƙarƙarin alade suka fi gasawa da romo mai zaƙi, kuma a Jos ma akwai unguwannin Kiristoci da ake cin alade. Musulmi kuwa haramun ne a gare shi, sai ya nemi awazar rago ko ta akuya. Dabarar wutar dai ɗaya ce.

Jijiyar nama ba ta laushi da wuta mai ƙarfi. Sai zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya kuma daɗe a haka, sannan take narkewa ta zama danƙo mai santsi a baki. Shi ya sa gwanin balangu ba ya ɗora nama kan harshen wuta. Yakan jira gawayi ya ruru ya koma garwashi, ya tura shi gefe guda, ya ajiye naman a ɗaya gefen, wani lokaci ya lulluɓe shi da takarda don ya turara. Awazar rago takan ci awa biyu ko fiye. Kafin nan a ɓare tantanin da ke bayan ƙasusuwan, a shafa gishiri da citta da tafarnuwa da masoro. Wasu sukan fara tafasa ta don rage lokaci. A ganina asara ce, domin daɗin a ruwa yake tsiyayewa. Ga shi kuma a tudun Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba, dahuwar ma ba ta sauri.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaƙin. Sukarin rake yana fara soyuwa a wajen digiri 160, amma wani kaso na sukarin da ke cikin zuma tun daga 110 yake fara yin ja. Wanda ya shafa zuma tun farko zai sauke nama baƙi ƙirin mai ɗaci, cikinsa kuwa da sauran tauri. Sai naman ya nuna, har ya ja baya kan ƙashin ya bayyana, sannan a shafa romon sama-sama, a juya, a sake shafawa sau biyu ko uku cikin mintuna goma zuwa sha biyar na ƙarshe. Kada a gusa daga wurin ko kaɗan.

Ba sai an sayi romon kwalba daga kanti ba. Zuma ko mazarƙwaila da aka narkar, da ruwan tsamiya mai kauri, da ɗan barkono da kanumfari, a dafa su har su kama cokali, sun wadatar. Tsamiyar ce take hana zaƙin ginsar mutum, kuma ita ke karya maiƙon rago. Haɗa nama da zaƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda masu kilishi da yawa suna sa sukari ko zuma a labu.

Idan an sauke, a bar awazar ta huta mintuna goma kafin a tsaga ta tsakanin ƙasusuwa. A barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a kawo albasa da kabeji da soyayyen dankalin Turawa na Bokkos, a ci tun da zafi, domin kitsen rago ba ya jimawa yake daskarewa a sanyin Filato.