3.4 Dashen Haƙori a Muƙamuƙin da Aka Yi wa Gashi

Abin da ake nufi da dashen haƙori shi ne kafa ƙusar ƙarfen taitaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira ƙashin ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Brånemark na ƙasar Suwidin ne ya fara yi wa ɗan'adam wannan aiki a 1965. Ke nan nasarar aikin ta dogara ne kan lafiyar ƙashi.

To, hasken da ake gasa ciwon daji da shi ba ya bambance cuta da ƙashi. Marx ya nuna a 1983 cewa gashi kan rage jijiyoyin jini da ƙwayoyin halitta da iskar oksijin a wurin. Saboda haka raunin da aka huda na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu, musamman a muƙamuƙin ƙasa, kuma haɗarin kan ƙaru idan gashin ya haura gire 60.

Duk da haka ba a hana dashen ba, domin haƙoran roba ba sa zama a bakin da yawu ya ƙafe. Likitoci da dama kan jira wata 6 zuwa 12 bayan gashi kafin su taɓa ƙashin, ko da yake jiran ba ya mayar da jijiyoyin da suka toshe.