Cuta ta Biyar: Baƙon da Bahaushe Bai Raɗa wa Suna Ba

Bahaushe gwani ne wajen raɗa wa cututtukan yara suna. Yana da ƙyanda, wadda iyayenmu mata ke sakayawa su ce baƙon dauro, yana da ƙarambau, yana da agana. Sunan nan shi ke sa uwa ta gane abin da ya shigo mata ɗaki, ta san matakin ɗauka. To amma akwai wani baƙon da ke zagaya makarantunmu na firamare da na allo a nan Katsina, wanda har yau ba mu yanka masa rago ba. Likitoci na kiransa cuta ta biyar.

Asalin sunan lissafi ne kawai. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai suka jera cututtukan yara masu fesar da ƙuraje, ƙyanda ta zo ta ɗaya, wannan kuwa ta faɗo ta biyar. Ƙwayar da ke haddasa ta, wato fabobairos B19, Yvonne Cossart ce da abokan aikinta suka bayyana ta a Landan a 1975, sai a 1983 aka tabbatar ita ce sanadin cutar.

Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Bayan kwana 4 zuwa 14 yaro kan fara ɗan zazzaɓi da mura da ciwon kai, sannan kumatunsa su yi ja kamar an shara masa mari, daga baya ƙananan ƙuraje su bazu a hannuwa da ƙafafu. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa sau da yawa akan ce ƙurajen zafi ne. Ga yaro mai ƙoshin lafiya abin da sauƙi: hutu, shan ruwa da farasitamol sun wadatar, kuma da zarar ƙurajen sun fito ya daina yaɗa ta. Wanda ya yi ta sau ɗaya, galibi ya yi ta ke nan.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin ɓata tawada? Amsar tana ga yaranmu masu amosanin jini, wato sikila. Wannan ƙwaya ɓargo take kai wa hari, ta tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyin jini na kwana 7 zuwa 10. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, saboda haka bai ma san an yi ba. Ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, don haka jininsa kan zube farat ɗaya. Tun 1981 likitoci a Landan da Jamaika suka gano wannan alaƙa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila a Nijeriya kowace shekara. Ashe ke nan abin da wasu ƙasashe ke ɗauka ƙaramin ciwo, a wurinmu ba ƙarami ba ne.

Abin lura, mai sikila sau da yawa ba ya yin ƙurajen. Alamarsa ita ce kasala, da haki, da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, domin ƙarin jini a kan lokaci kan ceci rai da yardar Allah. Haka mai juna biyu, musamman a makonni 20 na farko, idan ta yi cuɗanya da yaro mai wannan ciwo ta shaida wa ma'aikatan awo, domin ƙwayar na iya ƙarar da jinin ɗan tayi har a yi ɓari.

Cutar ba ta da allurar rigakafi, sai wanke hannu da rufe baki yayin tari. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ba da shawarar mu kira ta ciwon marin kumatu, gidajen rediyonmu da malaman makaranta su yayata sunan. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma uwar da ta san sunan ciwo ta fi saurin faɗa wa likita abin da ta gani. Allah Ya kare mana zuriya, amin.