Faffaɗar taya a kan tsohon rim: ina iyakarta?

Masu tsofaffin a-kori-kura da ke kwaso tumatir da shinkafa daga gonakin rani na Kura da Bunkure, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, sukan sa faffaɗar taya don kada mota ta kafe a hanyoyin bakin kwalbati. Dabarar na aiki, amma rim ne ke yanke hukunci.

A rubutun 185R14C da ke jikin taya, lambar 185 faɗin taya ce a milimita, 14 kuma girman rim a inci. Rim mai faɗin inci 5.5 zai ɗauki 195 lafiya lau. Idan aka cusa masa 225, gefen tayar zai kumburo, tsakiyarta ta riga cinyewa, motar kuma ta riƙa tangaɗi a kwana da lodi. Ga nauyin sitiyari, ga ƙarin shan mai.

Harafin C ɗin nan, wanda ba a cika kula da shi ba, shi ke nuna tayar ɗaukar kaya ce. Kafin a biya, a sa mai faci ya murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, a duba ko tayar tana gugar bodi.