Tola Ɗaya a Ƙasan Adaka: Me Ke Sa Tsohon Turare Tsada?

Wanda ya taso a Dawakin Kudu, Kura ko Bunkure ya san turare iri biyu ne a ɗakin dattijo mai rufin asiri. Akwai na kan tebur, wanda kowa ke shafawa, har yara su faki ido su zuba a hula in za su masallacin Juma'a. Akwai kuma wanda ba a ganinsa sai ranar Salla, ko ranar ɗaurin auren 'ya, ko in babban baƙo ya sauka. Shi wannan yana can ƙasan adaka, a naɗe cikin ƙyalle, kwalbarsa ba ta fi tsawon yatsa ba. Ba a tsiyaya shi. Ɗan tsinken gilashin da ke manne da murfi ake gogawa baƙo a bayan hannu, a yi maza a rufe.

Yawancin kwalaben nan tsarabar Makka ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama hanyar samun kuɗi. Manomin da shinkafarsa ta yi kyau, ko tumatirinsa ya haɗu da kasuwa mai daɗi a Kwanar Gafan, abin da ya fi sa wa rai shi ne kujerar Makka. In ya dawo, zamzam da dabino da carbi na jama'a ne. Amma akwai 'yar kwalba ɗaya ko biyu da ya ware wa kansa. Wanda Allah ya maimaita wa tafiya sai ka tarar ya tara jeri, kowace kwalba da shekarar da aka sayo ta, da kantin da aka same ta, da wanda suka je tare.

Sarkin jerin shi ne man udu. Ana auna shi da tola, ma'aunin Indiyawa mai nauyin giram 11.66, kusan mililita 12 ke nan. Larabawa ke sayar da shi, amma ba a ƙasarsu yake fita ba. Bishiyarsa, mai suna Aquilaria, tana dazuzzukan Assam a Indiya, da Bangaladash, Kambodiya, Biyetnam, Maleshiya da Indunusiya. Abin mamaki, lafiyayyar bishiyar ba ta da wani ƙamshi. Itacenta fari ne, marar nauyi. Sai ta ji rauni, tsawa ta tsaga ta ko ƙwaro ya huda ta, ƙwayoyin cuta suka shiga, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don ta kare kanta. Shekara da shekaru ƙaron yana ratsa itacen, yana ƙara masa duhu da nauyi, har mafi kyawunsa in an jefa a ruwa ya nutse. Bishiyoyi kaɗan ne a dawa ke kamuwa da wannan ciwo mai riba, kuma daga waje ba kasafai ake gane su ba, don haka masu nema suka riƙa sare masu ciwo da masu lafiya baki ɗaya. Ɓarnar ta kai ga yarjejeniyar duniya ta CITES, mai lura da cinikin halittun da ke neman ƙarewa, ta sa wa nau'i ɗaya takunkumi a 1995, sannan a 2004 aka amince a haɗa da sauran danginsa.

Yau mafi yawan udun kasuwa na gona ne. Ana shuka bishiyar, a huda ta, a ɗura mata abin da zai sa ta fitar da ƙaro, a sare bayan 'yan shekaru. Ba laifi ba ne, kuma shi ya rage wa daji nauyi. Sai dai masu hanci suna cewa bai kai na dawa zurfi ba. Shi ya sa tolar da wani alhaji ya sayo a Jidda shekara arba'in da suka wuce, in har gangariya ce, da wuya kuɗi su sake samo masa irinta.

Ba Bahaushe ko Balarabe kaɗai ke wannan tattali ba. A birnin Nara na Japan, a taskar Shosoin, akwai wani gungumen udu da ake kira Ranjatai, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 11.6. Ɗaruruwan shekaru yana ajiye, kuma sai manyan masu mulki ake yankar wa ɗan guntu: jarumi Oda Nobunaga a 1574, Sarki Meiji a 1877. An liƙa 'yan takardu a jikinsa masu nuna inda aka yankar wa kowa.

To, shin gaskiya ne turare yana ƙara kyau in ya tsufa? Wani yana yi, wani lalacewa yake. Ƙamshi ƙwayoyi ne ƙanana da ke tashi daga mai su shiga iska. Na lemo da na wasu furanni marasa nauyi ne, da wuri suke tashi, kuma iska tana saurin ɓata su. Shi ya sa turaren fesawa da ya daɗe a buɗe yakan yi duhu, ya koma wani tsami-tsami. Na udu da na sandal kuwa masu nauyi ne, a hankali suke barin kwalba. Sabon man udu yakan zo da wani ƙarni, wasu ma su ce warin garke, saboda kafin a dafa itacen a tace mansa ana jiƙa shi cikin ruwa kwana da kwanaki har ya fara ruɓa. Wannan ƙarnin ne ke fara gudu, ya bar ƙamshin ƙasa mai sanyi da zaƙi. Matan Barno masu haɗa humra sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi: ba a haɗa humra yau a shafa gobe, sai an bar farce da sandal da sauran kayan haɗi sun kwanta a kwalba, sun kama juna.

Zafi da haske su ne abokan gaban turare, kuma a ƙasar Kano ba a rasa su. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Ashe dattijon da ke tura kwalbarsa ƙasan adaka, tsakanin manyan riguna da rawanin ɗan Kura, ya fi ɗansa mai jera turare a gaban gilashin mota sanin abin da yake yi.

Ba kowace kwalba a jerin ce mai tsada ba. Kusan babu adakar da za a rasa Bintu Sudan, turaren da wani Bature, Eric Burgess, ya haɗa wa kamfanin W.J. Bush na Landan a 1920 bayan ya zaga Sudan, wanda kamfanin Gongoni ke ɗurawa a nan Kano. Mai ne zalla, ba barasa a ciki, abin da ya sa ya karɓu ga masu Salla. Tsofaffi kan ajiye tsohuwar kwalbarsa su rantse na da ya fi na yanzu kauri. A gefensa akan samu jibda, wadda ake samu daga jikin tunkun juda, da abin da ake kira almiski, ko da yake almiskin barewa na ainihi ya yi ƙarancin da kusan duk na kasuwa haɗin masana'anta ne.

A Turai ma akwai masu wannan ɗabi'a, sai dai su giya suke tarawa, musamman wuskin Sikotilan. A nan haramun ce, kuma jarkoki da kwalaben da Hisba ta kama a Kano makomarsu ƙarƙashin tayar katafila ce a Kalebawa ta Dawakin Tofa. Amma lissafin kasuwar tasu yana da abin dubawa. A Nuwamban 2023, a gwanjon Sotheby's na Landan, an sayar da kwalba guda ta Macallan 1926 kan fam miliyan 2 da dubu 187 da ɗari 5. Shekara 60 ta yi a ganga kafin a ɗura ta a 1986, kuma kwalba 40 kacal aka samu. Bambancinta da man udu shi ne ita giyar a gangar katako take canzawa. Da zarar ta shiga gilashi ta tsaya. Wanda ya biya waɗannan miliyoyi ƙaranci ya saya, da suna, da takardun da ke nuna hannun da kwalbar ta bi.

Inda duk aka samu irin wannan kuɗi, 'yan jabu ba sa nisa. A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotilan ta gwada tsofaffin kwalabe 55, ta samu 21 na bogi ne ko kuma an yi musu ƙaryar shekaru. Dabarar gwajin tana da ban sha'awa. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara wa iska wani nau'in sinadarin kabon, kuma duk tsiron da ya girma bayan nan ya shaƙe shi. Saboda haka kwalbar da aka rubuta mata 1880 amma aka samu tabon bam a cikinta, ta tona wa kanta asiri.

Mai tara turare a Tamburawa ko Kwanar Dawaki ba shi da irin wannan gata. Algus a man udu tsohuwar sana'a ce: a sirka shi da man da ba shi da ƙamshi don ya yi auki, ko a haɗa na masana'anta a zuba a kwalba mai ruwan zinare, a sa mata akwatin karammiski. Akwai na'urar da ke rarrabe sinadaran mai ɗaya bayan ɗaya, amma tana ɗakunan bincike, ba a kantin Sabon Gari ko Kurmi ba. Gwajin da aka saba shi ne a shafa a fata a jira. Na kirki yana sauya launin ƙamshi daga safe zuwa la'asar, na haɗi kuwa yadda ya fara haka zai ƙare, ko ya ɓace kafin azahar. Tola cikakkiya da aka ce ta dawa ce, aka kuma sallama ta a kuɗin buhun taki, ba ta ma buƙatar gwaji.

Matsalar takan fito fili ranar rabon gado. Gona tana da iyaka da shaidu, saniya ana iya kai ta kasuwa a yi mata kuɗi. Kwalaben adaka kuwa ba rasit, ba rubutu, labarinsu a bakin mai su yake. Magada sukan haɗa gangariyar Kambodiya da turaren naira dubu biyu a leda ɗaya su raba wa ƙannen mamaci, sai fa in an yi dace a cikinsu akwai wanda ya taɓa ciniki a layin masu turare.