Wa Ke Riƙe da Farish? Rayuwar Cocin Katolika a Arewa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk ƙarshen wata sai Fadar Paparoma ta aiko wa limaman Katolika da kuɗi daga Rum. Gaskiya ne taimako kan zo daga waje, musamman don gine-gine da makarantun horar da limamai. Amma ɗawainiyar yau da kullum tana wuyan masu ibada ne: manoma, 'yan kasuwa, ma'aikata, da matan da ke share coci ba a biyansu ko sisi.

Farish shi ne rukunin masu bi na wani yanki da Bishop ya damƙa wa limami guda, wanda kowa ke kira Fada. Farish-farish da dama su ke haɗuwa su zama dayosis. A 2023 aka yanko dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, Bahaushe na farko da ya kai wannan muƙami.

Samun Fada ba abu ne na kwana ɗaya ba. Saurayi kan shafe shekara tara ko goma yana karatun falsafa da tauhidi a makarantu irin su Good Shepherd ta Kaduna ko Saint Augustine ta Jos. Ba a naɗa shi sai ya cika shekara 25, ba ya aure, kuma idan ya kai 75 ana so ya miƙa wa Bishop takardar ajiye aiki.

A karkara, farish guda kan haɗa ƙananan coci-coci masu yawa a ƙauyuka masu nisa da juna. Dokar cocin ta ce Fada ya yi Misa, wato babbar ibadar cocin, sau ɗaya a rana, Bishop na iya yarje masa biyu, ranar Lahadi kuma uku. Ko babur ɗinsa bai taɓa faci ba, ba zai iya zagaye kowa a mako guda ba. Wani ƙauyen sai ya yi makonni bai ga Fada ba, balle da damina in rafi ya kawo.

Nan ne katikis ke shigowa. Yawanci magidanci ne da ke noma gonarsa kamar kowa. Shi ke kaɗa ƙararrawa, ya ja addu'ar Lahadi, ya karanta Littafi Mai Tsarki ya yi bayani. Shi ke koyar da masu shirin baftisma da masu shirin aure, shi ke tsayawa a bakin kabari idan mutuwa ta zo Fada na nesa. Misa da sauraren masu furta zunubi ne ba huruminsa ba. A Malumfashi akwai cibiyar horar da irin waɗannan malamai, kuma a 2021 Paparoma Francis ya mayar da aikin muƙami tabbatacce a cocin. Duk da haka, alawus ɗin katikis bai taka kara ya karya ba.

Kuɗin farish daga baiko yake farawa. Idan lokacinsa ya yi, sai jama'a su tashi layi-layi suna waƙa suna taka rawa har gaban bagadi. Wannan ya jefa takardar ɗari biyu, wata ta ajiye kwanon masara, wani yaro ya rungumo zakara an ɗaure masa ƙafafu. Babbar rana ita ce godiyar kaka a ƙarshen shekara, inda ake gwanjon amfanin gonar da aka kawo. Zakaran da kowa ya san kuɗinsa a kasuwa sai a saye shi ninkin-ba-ninkin, mai sayen ma ya mayar a sake tayawa.

Daga nan ake sayen man mota da na janareto, a ciyar da gidan Fada, a sallami katikis, a gyara rufi, a tallafa wa marayu da gwauraye. Wani kaso na tafiya dayosis. Akwai kuma baikon da ba ya kwana a farish: na Juma'a Mai Kyau na Kiristocin Ƙasa Mai Tsarki ne, na wata Lahadi a Oktoba kuma na aikin bishara a duniya. Wato kuɗin ƙauye ma yana kama hanyar Rum.

Dokar cocin ta 1983 ta wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi daga cikin masu bi, da rahoton shekara-shekara ga Bishop. Ta kuma hana a ƙi yi wa talaka baftisma ko aure don ba shi da abin bayarwa. Inda ake karanta lissafi a bainar jama'a, hannu kan sake. Inda aka yi shiru, gunaguni ke biyo baya.

Ibadar kanta ta ɗauki kamannin wurin. Tun bayan babban taron cocin na 1962 zuwa 1965 aka buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai. Shi ya sa a birane ake raba lokuta, wata da Turanci wata da Hausa. Zumuntar Mata, cikin ankonsu, da tulu da kacau-kacau, su ke ɗaga waƙa. Su ne kuma masu dubiya, masu girki a gidan makoki, masu haɗa gudunmawar mai jego.

Rashin tsaro ya taɓa duk wannan. A Janairun 2020 'yan bindiga sun sace ɗalibai huɗu a Good Shepherd, suka kashe ɗaya, Michael Nnadi. Hanyar da ta gagari Fada takan bar ƙauye a hannun katikis shi kaɗai, gonar da aka kasa nomawa kuma takan bayyana a gwanjon kaka. Farish da maƙwabtansa Musulmi hanya ɗaya suke bi, kasuwa ɗaya suke ci, don haka zaman lafiyar yankin shi ne jarin farko na kowane coci.