Wanke Ƙyallaye Kafin Ɗinkin Haɗi: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk wanda ya leƙa shagunan teloli a Kasuwar Barci ana gab da Sallah ya san yadda guntayen atamfa da shadda ke taruwa a gindin keke. Mata da yawa a Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi sukan karɓi waɗannan ƙyallaye su haɗa su, su fitar da zanin gado, rigar filo ko mayafin jariri. Aiki ne na haƙuri, kuma abin takaici ne wankin farko ya lalata shi saboda wasu maganganu da muka gada ba mu gwada ba.

"Ƙyalle ƙarami ba ya tsukewa"

Yana tsukewa, ido ne bai cika gani ba. A masaƙa ana miƙe zaren auduga da ƙarfi, idan ya ji ruwa sai ya saki jiki ya koma yadda yake. Mu ƙaddara yadi ya ragu da kashi 4 cikin 100: a ƙyalle mai inci 5 ragin bai kai rubu'in inci ba, amma idan an jera 16 a faɗin zanin gado an yi asarar sama da inci 3. Babbar matsalar ita ce ba tare suke raguwa ba. Auduga zalla tana tsukewa, yadi mai roba kuwa kusan yana nan yadda yake, sai ɗinkin ya tattare, guga ma ta kasa miƙar da shi. A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, tun buɗe masaƙar KTL a 1957, tela kan san asalin yawancin yadin da ke hannunsa. Yau buhun ƙyalle guda yana ɗauke da kayan China da na Turai da na gida a cakuɗe.

"Gishiri yana kama rini"

Wannan ce ta fi kama zukatanmu, domin daga bakin iyaye muka ji ta. Tana da tushe kuwa: masu rinin auduga da sinadaran zamani suna zuba gishiri a tukunyar rini, saboda yana taimaka wa launi ya bar ruwa ya shiga zare. Sai dai amfaninsa a lokacin rinin ne. Yadin da ya riga ya fito kasuwa, abin da yake zubarwa rarar launi ne da bai kama zare ba, kuma gishiri ba zai manna shi ba. Haka ruwan khal, wanda aikinsa na rinin ulu da siliki ne.

To me ya sa maganar ta daɗe? Uwa ta jiƙa atamfa a ruwan gishiri, ruwan ya yi ja, ta zubar. Wanki na gaba bai zuba sosai ba, sai yabo ya tafi ga gishiri. Alhali ruwan ne ya kwashe rarar launin. Ashe jiƙon da iyayenmu ke yi daidai ne, dalilin da aka jingina masa ne ya kauce.

"Mai tsada ba ta zuba"

Kuɗi ba shaida ba ne. Ja da shuɗi mai duhu sun fi zuba, kuma rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, duk darajarsa, yakan shafi fata domin launinsa a bayan zare yake zama. Don gwaji, a jiƙa farin ƙyalle a goga a kan yadin. Idan ya ɗauki launi, a ware yadin a yi ta ɗauraye shi har ruwa ya fita fari. Wanda ya ƙi dainawa kada a haɗa shi da fari.

"Wanki zai tsefe ƙyallen ya lalace"

Nan akwai ƙamshin gaskiya. Idan aka cuɗa ƙananan ƙyallaye ko aka jefa su injin wanki, gefensu zai warware su nannaɗe juna. Hanyar ita ce a raba su launi-launi, a jiƙa a roba da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a motsa a hankali, a ɗauraye, a matse a cikin tawul ba tare da murɗewa ba. A shimfiɗa su a inuwa, a goge da sauran danshi, sannan almakashi ya daidaita gefe. Shadda za ta rasa wani ɓangare na sheƙinta, amma a zanin gadon da za a yi ta wankewa dama ba zama zai yi ba. Mayafin jariri kuwa ba ma son a yi masa rangwame: sitacin masaƙa da ƙurar ƙasan shago su fita tun kafin allura ta shiga.