Colt Walker, Sarauniyar Tsofaffin Bindigogi

Bindigar hannu ta Colt Walker, wadda aka ƙera a Amurka a 1847, ita ce sarauniya a wurin masu tara tsofaffin bindigogi. Guda 1,100 kacal aka yi. Ramuka shida gare ta, kowanne a ɗura masa albarushi da dalma ta gaba, a kafa 'yar hular tagulla ta baya. Da an ja kunama sai wuta ta tashi. Da yawa sun fashe a hannun sojoji, shi ya sa samunta ke wuya. Mai saye kan duba lambobin da aka buga a sassanta ko sun dace da juna. Goge ta kuwa, rage mata daraja yake yi. A 2018 an yi gwanjon ɗaya kan dala miliyan 1.84.